Idan aka cire madugun ƙwayoyin gado a tayin kifi, ina ayarin ke nufa?

Wata ɗaliba mai karatun kimiyyar kiwon kifi ta aiko mini da wannan tambaya: "Malam, an ba mu rahoton wani bincike mu karanta. An lalata ƙwayar gado guda a tayin kifi, daga cikin waɗanda ke sarrafa aikin sauran, sai aka ce ɗaruruwan ƙwayoyin gado sun canza, wasu sun yi ƙasa, wasu sun yi sama. A wani rahoton kuma an lalata wata irinta, kifin ya ƙyanƙyashe lafiyarsa lau. Shin duk waɗanda suka canza ita ce ke juya su? Wadda aka cire ba a ga komai ba kuma, ba ta da amfani ke nan?"

'Yata, Allah ya ƙara basira. Amsar tambayoyinki biyun duka a'a ce, kuma a daidai waɗannan wurare biyu ne manyan masu bincike ma suka sha yin tuntuɓe.

Mu fara daidaita kalmomi. Kowane sel a jikin kifi DNA iri ɗaya yake ɗauke da shi. Abin da ya raba sel ɗin ido da na hanta shi ne waɗanne ƙwayoyin gado aka buɗe a cikinsa, waɗanne aka bari a rufe. Idan aka buɗe ƙwayar gado, ana kwafar ta zuwa wani ɗan saƙo na RNA, daga saƙon kuma a ƙera furotin. To duk inda rahotonki ya ce ƙwayar gado "ta yi ƙasa", abin da aka ƙirga shi ne yawan waɗannan saƙonni a cikin tayin da aka markaɗe. Ki riƙe wannan, zai dawo. Masu sarrafawar kuwa iri-iri ne. Akwai furotin da ke zama a kan DNA kusa da ƙwayar gado ya kira injin kwafa. Akwai waɗanda ke ƙulle DNA tamau a jikin furotin ɗin da yake naɗe da shi, wato histon, har injin ya kasa kaiwa. Akwai kuma ƙananan RNA da ba sa taɓa DNA sam, aikinsu su bi saƙon da aka riga aka kwafa su sa a rusa shi. Zan kira su duka madugai.

Kusan duk abin da muka sani a wannan fage daga kifin zebra ya fito, wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, ɗan asalin ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya da Bangaladash. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ne ya shigar da shi ɗakin bincike. A Disamban 1996 mujallar Development ta fitar da maƙaloli 37 a fitowa guda kan kifayen da aka yi wa lahani a ƙwayoyin gado a Tubingen ta Jamus, ƙarƙashin Christiane Nüsslein-Volhard, da kuma Boston, ƙarƙashin Wolfgang Driever da Mark Fishman. Ƙwan kifin bai kai milimita ɗaya ba, a waje yake girma, kuma garau yake kamar gilashi, kina iya zama da madubin ƙara girma ki ga sel ɗaya ya zama biyu. A 2013 da aka kammala karanta DNA ɗinsa an ga yana da ƙwayoyin gado kusan 26,000 masu ba da furotin, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

Abu na farko da za ki fahimta shi ne tayin kifi ba da kayansa yake fara tafiya ba. Tun ƙwai yana cikin uwa take cusa masa saƙonnin RNA da furotin masu ɗimbin yawa, ban da gwaiduwar da zai ci. Guzuri ne cikakke. A ruwa mai ɗumin digiri 28.5, rabuwar farko na zuwa wajen minti 45 bayan maniyyi ya shiga ƙwai, daga nan kowane minti 15 sel-sel ɗin su ninka. A duk wannan gudu DNA ɗin tayin shiru yake, in ban da 'yan ƙwayoyin gado kaɗan da ke fara motsi wajen awa biyu, lokacin sel 64. Sai an kai kusan awa uku, sel sun kai dubu, sannan babban farkawa ya zo. An tabbatar da hakan ta hanyar zuba wa ƙwai wata guba da ake samu a jikin laimar kwaɗi, mai suna amanitin, wadda ke tsayar da injin kwafa. Tayin ya ci gaba da rabuwa kamar ba a yi masa komai ba, har ya zama ɗan curi a kan gwaiduwa. A nan ya tsaya. Bai iya malalowa ya lulluɓe gwaiduwar ba, wanda shi ne matakin da ke biye, domin wannan mataki da ƙwayoyin gadonsa na kansa ake yin sa.

To wa ke tada su daga barci? A 2013 ɗakin binciken Antonio Giraldez a Jami'ar Yale ya duba waɗanne madugai ne aka fi ƙerawa daga guzurin uwa kafin farkawa, ya sami uku: Nanog, Pou5f3 da Sox19b, ɗaya daga dangin SoxB1. A shekarar dai wasu masu bincike a Freiburg ta Jamus suka nuna Pou5f3 zaune a kan DNA kusa da ƙwayoyin gadon da ke fara tashi. (Waɗannan ba baƙi ba ne ga masu nazarin ɗan Adam. Pou5f3 ɗan'uwan Oct4 ne, Sox19b kuma na Sox2, biyu daga cikin huɗun da Shinya Yamanaka ya mayar da sel ɗin fatar ɓera zuwa ƙuruciya da su a 2006.) Da mutanen Yale suka hana tayi dukkan ukun, fiye da kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ya kamata su farka ba su farka yadda ya kamata ba, tayin ya tsaya a daidai inda mai shan guba ya tsaya.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe ido. Waɗannan ukun masu kunnawa ne. Hankali zai ba ki cewa idan babu su komai ƙasa zai yi. Amma a irin wannan tayi za ki tarar da saƙonni da yawa sun fi na lafiyayye yawa. Wanda bai san labarin ba sai ya rubuta cewa Nanog na danne waɗannan ƙwayoyin gado, shi ya sa suka tashi da aka cire shi. Alhali ko kusa da su bai je ba.

Cikin abubuwan farko da madugan uku ke kunnawa akwai wani ɗan ƙaramin RNA mai suna miR-430. Shi mai shara ne. Guzurin uwa na sa'o'in farko ne, idan lokacinsa ya wuce dole a kwashe shi domin sabon umarni ya samu wuri. Giraldez ya nuna tun 2006 cewa miR-430 na manne wa ɗaruruwan saƙonnin uwa, ya sa a gutsure musu wutsiya, su lalace. Idan babu madugai, babu mai shara. Idan babu mai shara, tsofaffin saƙonni na nan jibge. Injin ƙirga bai san tsoho da sabo ba, yawa kawai yake gani. Saƙon da "ya yi sama" a teburin rahoton ba a ƙara kwafar sa ko sau ɗaya ba, kwashe shi ne ba a yi ba.

Wata hanyar da tebur ke cika da sunaye ita ce ɓacewar sel ɗin kansu. Akwai kifi mai lahani da ake kira cloche, kalmar Faransanci mai nufin ƙararrawa, saboda siffar da zuciyarsa ke ɗauka. Didier Stainier da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1995: kusan ba shi da jini, ba shi da sel-sel ɗin da ke shimfiɗe cikin jijiyoyin jini. Yana rayuwa 'yan kwanaki duk da haka, domin ƙanƙantarsa ta sa iskar da ke cikin ruwa na ratsa fatarsa kai tsaye. An shafe shekara ashirin ana neman ƙwayar gadon da ta lalace, saboda tana maƙale can ƙarshen kuromosom na 13, ɗaya daga cikin dunƙulen DNA da ke cikin sel, inda karatu ke da wuya, sai a 2016 aka gano ta, npas4l. Madugu ne da ke bayyana na ɗan taƙaitaccen lokaci, ya kunna wasu madugai ƙanana irin su tal1 da etv2, ya ɓace. Idan kika markaɗe tayin cloche mai kwana biyu kika ƙirga, za ki ga saƙonnin himogulobin, furotin mai ɗaukar iska a cikin jini, sun faɗi warwas. Npas4l bai taɓa kunna himogulobin da hannunsa ba, ya daɗe da barin wurin kafin a fara ƙera ta. Sel ɗin da zai ƙera ta ne ba a haifa ba.

Sai kuma jinkiri. Tayi mai lahani sau da yawa nawa yake yi. Wanda ba shi da Pou5f3 ko kaɗan, misali, lulluɓe gwaiduwa na ɗaukar sa lokaci fiye da 'yan'uwansa. Idan mai bincike ya ɗebi lafiyayye da mai lahani duka a awa takwas na agogo, ya gwama manya da yara ne, kuma a wannan shekaru na tayi rabin awa kaɗai ta isa ta canza ɗaruruwan saƙonni. Har ila yau injin kaso yake bayarwa. Idan babban rukuni na saƙonni ya ragu, kason sauran zai ƙaru ko da yawansu bai motsa ba, kamar yadda kason gero ke ƙaruwa a buhun gauraye idan aka tsame dawa. Masu lura sukan zuba wani sanannen adadi na baƙon RNA a kowane samfuri domin ya zama ma'auni. Ba kowa ke yi ba, kuma abin na damuna, domin aiki ne mai sauƙi.

Saboda haka idan ana so a ce madugu kaza shi ke riƙe da ƙwayar gado kaza da hannunsa, sai an haɗa shaidu. A duba da wuri, a sa'ar farko da ya fara aiki, kafin ɓarna ta haifi ɓarna. A nuna cewa furotin ɗin na zama a kan DNA kusa da ita. Mutanen Yale sun ƙara wata dabara mai kyau: suka tsayar da ƙera sabon furotin gab da farkawa, ta yadda duk ƙwayar gadon da ta tashi, da madugan da uwa ta bari ta tashi, ba da saƙon wani ɗan aike na tsakiya ba. Da haka suka ware 'yan ɗaruruwa na sahun farko. A ganina rahoton da ya kawo sunaye dubu daga tayi mai kwana biyu ya faɗa miki yadda tayin ya ƙare ne. Bayani ne mai amfani, amma ba shi ne bayanin aikin madugun ba.

Tambayarki ta biyu ta fi daɗin amsawa, domin a nan ne kifi ya koya wa masana abin da ba su zata ba.

Dalili na farko da ke sa a cire madugu a ga shiru shi ne guzurin nan dai. Yawanci ana samun tayi mai lahani ne ta haɗa iyaye biyu da kowannensu ke da kwafi ɗaya mai kyau, ɗaya lalatacce. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su gaji lalatacce ta ɓangarorin biyu. Amma uwar tana da mai kyau, kuma ta riga ta cika ƙwan da saƙonsa. Ɗauki Dicer, furotin da ke yanka ƙananan RNA irin miR-430 su zama masu aiki. Tayin da ya rasa dicer ta wannan hanya yana yin kusan mako guda ba a ga komai ba, sai wajen kwana goma girma ya tsaya, bayan guzuri ya ƙare. Don a ga ainihin rashin, sai da aka ɗebi sel-sel ɗin haihuwa daga tayi mai lahani aka dasa su a lafiyayyen tayin da aka kashe wa nasa, ya girma ya zama uwa mai lafiyayyen jiki amma ƙwanta babu Dicer. 'Ya'yanta, da aka bayyana a 2005, sun fito da ƙwaƙwalwa marar tsari da zuciya mai matsala, kuma da aka yi musu allurar miR-430 da aka riga aka yanka, yawancin matsalar ƙwaƙwalwar ta gyaru. Pou5f3 ma haka: idan tayi kaɗai ya rasa shi, wani ɓangare ne na tsakiyar ƙwaƙwalwa ke ɓacewa. Idan har da na uwa babu, shimfiɗar sel wadda hanji da hanta ke fitowa daga gare ta ba ta samuwa ma sam.

Na biyu, tagwaye. Fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, DNA ɗin kakan yawancin kifaye masu ƙashi ya ninka kansa gaba ɗaya. An zubar da yawancin kwafin a hankali, amma dubbai sun tsira bibbiyu, shi ya sa za ki yi ta ganin sunaye masu ƙarewa da a da b. Ki cire ɗaya, ɗan'uwansa ya riƙe aikin, ko rabinsa.

Na uku ya fito ne daga wata rigima. Daga shekarar 2000 har sama da shekara goma, hanyar da aka fi bi wajen hana ƙwayar gado aiki a kifin zebra ita ce allurar mofolino, wani ɗan zare na roba mai haruffa 25 da ke manne wa saƙon RNA ya hana a karanta shi. DNA na nan lafiya, saƙon kawai aka toshe. Da CRISPR, wato kayan aikin yanka DNA a inda ake so, ya iso wannan kifi a 2013, aka fara lalata DNA ɗin kansa cikin sauƙi, sai abin kunya ya bayyana. A 2015 ɗakin binciken Nathan Lawson a Massachusetts ya ba da rahoton cewa kusan kashi 80 cikin 100 na lahanin da aka wallafa daga mofolino, cikin waɗanda suka gwama, ba a gan su a kifayen da aka lalata wa DNA ba. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, mofolino ƙarya yake yi. Kuma akwai gaskiya a ciki, domin an san in ya yi yawa yana tada p53, furotin da ke sa sel ya kashe kansa, a samu ɓarnar da ba ruwanta da abin da ake nazari.

A wannan shekarar dai ɗakin binciken Stainier, wanda a lokacin ya koma Cibiyar Max Planck da ke Bad Nauheim a Jamus, ya duba egfl7, wata ƙwayar gado ta jijiyoyin jini. Da mofolino, jijiyoyi sun lalace ƙwarai. Da lalata DNA, yawancin kifayen ƙalau. Sai suka yi gwajin da ya warware zancen: suka yi wa masu lalataccen DNA ɗin allurar mofolinon. Da guba ce kawai, da ta ɓata su kamar yadda ta ɓata kowa. Ba ta yi musu illa sosai ba. Ke nan mofolinon gaskiya ya faɗa, su kifayen ne suka samo mafita. Da aka ƙirga, sai ga wasu ƙwayoyin gado na dangin emilin, masu wani sashe irin na egfl7, sun tashi a jikin masu lalataccen DNA, ba su tashi a na mofolino ba.

Ta yaya sel ya san an lalata masa abu har ya tada madadin? A 2019 ɗakin Stainier da wani a Jami'ar Zhejiang ta ƙasar Sin, kowanne da aikinsa, suka kawo amsa mai kama da juna. Yawancin lahanin da CRISPR ke yi yana saka alamar "tsaya" a tsakiyar saƙo. Ana kwafar saƙon, sel ya gane gurgu ne, ya tura shi wurin rusawa. To wannan hanya ta gane gurgun saƙo ita ce ke kai labari a ƙara buɗe ƙwayoyin gadon da haruffansu suka yi kama da nasa. Ɓangarorin biyu sun ɗan saɓa kan waɗanne furotin ne ke kai labarin, kuma ana kan aiki a kai. Amma gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wannan: da mutanen Stainier suka cire ƙwayar gadon ta yadda ba a kwafar saƙo ko ɗaya, madadin bai tashi ba, lahanin kuma ya fito fili. Ƙaramar ɓarna ta ɓoye kanta, babbar ta tonu. Don haka in kin ga an ce an lalata madugu ba a ga komai ba, tambayi wane irin lalatawa aka yi, kuma ko an duba danginsa.

Akwai kuma madugan da rashinsu ba ya nunawa da wuri saboda aikinsu tsaro ne, ba gini ba. Ezh2 na sa wa histon alamar da ke riƙe ƙwayoyin gado a rufe. Ɓeran da ba shi da shi yana mutuwa tun farkon samuwar jiki. Tayin kifin zebra da aka hana shi, har da na uwa, yana gina kai da gangar jiki da wutsiya daidai, kamar yadda masu bincike a Nijmegen ta Holan suka nuna. Daga baya ƙwayoyin gadon da ya kamata su zauna a rufe, irin su dangin hox masu tsara sassan jiki daga kai zuwa wutsiya, suka fara buɗewa a inda ba wurinsu ba, zuciya ta kasa riƙe siffarta, tayin ya mutu wajen kwana biyu. Wanda ya tsaya dubawa a awa goma sha biyu zai rantse babu abin da ya faru. Kuma duk wannan a ruwa mai tsabta ne, mai ɗumi daidai, babu cuta babu yunwa. Madugun da amfaninsa sai ruwa ya yi zafi ko iska ta yi ƙaranci ba zai nuna kansa a irin wannan jin daɗi ba.

Tunda kiwon kifi kike karanta, za ki ci karo da wannan a zahiri ranar da kika tsaya kan ƙyanƙyasar tarwaɗa. Ita ma daga cikin kifayen nan masu ninkakken DNA take, ƙwanta ma da guzurin uwa yake fara tafiya, kuma a ruwa mai ɗumi cikin kwana guda ko fiye kaɗan yake ƙyanƙyashewa. Ƙwan da ya fara rabuwa da kyau sannan ya tsaya ya yi fari a sa'o'in farko, a lokacin nan ƙwayoyin gadon da uba ya kawo ko dai ba su farka ba ko yanzu suke farkawa. In ruwa da ɗuminsa daidai suke, uwar za ki fara bincika: shekarunta, abincin da ta ci a watannin da ƙwan ke nuna a cikinta, da ko an tatse ta a kan lokaci bayan allurar sa ƙwai ya nuna ko an bar ƙwan ya wuce nuna.